Ranar Kashe Wuta

Lahadi ba ma matsar mai.
Tun daren Asabar na janye itace,
na bar tukunyar tururi ta huce don kanta.
Ƙarfe mai zafi ba ya son gaggawa,
ka watsa masa ruwa, ya riƙe ka a ciki.

Da hantsi na kwance ƙofar baya.
Bututu ashirin da huɗu suka zuba mini ido,
baƙi ƙirin.
Na bakwai an toshe shi tun ban zo ba,
shi ya fita lissafi.

Sandar Baba Tankari ce a hannuna,
gaba biyu, da burushin waya a kanta,
mariƙinta ya yi santsi kamar ƙotar tsohuwar hauya.
Tura, murɗa, jawo.
Kunkunniya ta zubo mini a gaban riga,
ta shiga kunne, ta zauna tsakanin haƙora.

Layin sama toka ce, ba ta gardama.
Layin ƙasa kuwa kwalta ce ta daskare,
don Alhaji Nomau ya samo ɗanyen marke
da araha a hanyar Madarunfa.
Ɗanye kuka yake yi a wuta,
hawayen nan ne nake kankarewa yau.
Na gaya masa.
Ya ce itace itace ne.

Shekara talatin Baba yana buɗe wa ƙarfe numfashi.
Yanzu yana Bagalam, bisa tabarma, ya jingina da bango,
tarinsa na tsallaka katanga biyu.
Nasa bututun ba sandar da ke shiga.
Shi ya sa na ɗaure hanci da tsumma jiƙaƙƙe,
ko da yaran injin na ce mini amarya.

La'asar sakaliya, Miko ya zaga gaba da tocila,
ni na sa ido ta baya.
Ɗaya, haske. Biyu, haske.
Muka bi su har ashirin da uku,
kowane da ɗan watansa a ƙarshe.

Gobe buhunan gyaɗa za su sauka,
wuta ta ja, hayaƙi ya miƙe tsaye.

Na wanke hannu, bai fita ba.
Na biya wajen Baba da ƙwaryar nono.
Bai amsa sallama ba sai da tari ya sake shi,
sannan ya ce: Na sha tara fa?
Yana da ɗan lanƙwasa a tsakiya.
Lallaba shi ake yi.