Mai Gadin Cikin Jini

Ni da nake gane ciwon janareta da kunne
tun daga bakin layi, kafin mai shi ya yi sallama,
in ce masa fulogi ne, ko ruwa ya shiga mai,
yau ga ni a Agege ina kallon inji yana rawa
kamar kurma a gidan biki.

Damina uku ke nan.
Da fari na ɗora wa ruwan Ikko laifi,
wanda ya ritsa ni a gadar Oshodi ba lema.
Kunnen hagu ya toshe, ya soma zubar da mugunya,
Kubura ta gaji da wanke rigar matashi.
Mama Nkechi mai kemis ta ba ni na ɗigawa da na haɗiya,
ya lafa kwana tara, ya dawo da ɗan'uwansa.
Wani dattijo a Alaba Rago ya ce tafarnuwa da man shanu.
Na ɗiga. Na dama ma ya kama.

Sai hanci ya bi sahu, ɓawo da jini,
gwiwa ta ƙi hawa danfo,
fitsari na kumfa kamar an kaɗa sabulu.
Ni dai kunne nake kai ƙara.
Wa zai ce kunne da gwiwa 'yan gida ɗaya ne?

Idi-Araba, bene na biyu, lamba ta arba'in da ɗaya.
Dakta Oyelaran, ko ƙanwata ta girme ta,
ta leƙa ramin da 'yar fitila, ta daɗe a ciki,
ta fito da tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini:
ina zufar dare, yaya kalar fitsari?
Kwalba huɗu ta jini. Kuɗin sabuwar mitata ya tafi.

Bayan sati biyu ta matso dab da na dama,
da Hausarta ta bautar ƙasa a Gusau:
"Malam, jiki yana da masu gadi.
Naka sun manta fuskar mai gida.
Suna dukan hanci, suna dukan ƙoda,
sun kumbura ƙofar da kunne ke shan iska,
ruwa ya kwanta, ƙwayar cuta ta samu ɗaki ba haya."

Na yi dariya har ta ja kujera baya.

Ai na yi gadi a Ikoyi shekarar da na sauka.
Wani dare aka ɗauke wuta,
motar mai gida ta mace a Falomo,
ya tako a ƙafa, jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a hannu.
Na sauke masa gora a kafaɗa
kafin ya ce, "Tanimu, ni ne."
Da safe aka ba ni jakata.
Har yau ban ga laifina ba,
ƙofa aka ce in tsare, na tsare.

Yanzu kullum bayan karin kumallo
ina haɗiyar abin da zai sa su gyangyaɗi.
Fuskata ta tashi kamar fanke.
In wani ya yi tari a mota sai in juya wa taga,
don gida ne da masu gadinsa ke barci.

Na hagu ya tafi, ba aike.
A shago ina ɗora tafin hannu a kan tanki,
Kayode yaron aikina ya kasa kunne ya faɗa mini,
wani lokaci ni ke riga shi.

Shekaranjiya jirgin ƙasa ya ratsa kasuwa,
na ji kukansa siriri, kamar daga ƙasan rijiya.
Na ajiye sifana.
Ban zagi kowa ba.
Na dai dafa ƙirji, na ce a hankali,
yadda ya kamata a ce da ni a daren Ikoyi tun daga nesa:
ku sauke gora, ni ne.