Kunnuwan Ƙari

Ƙarfe shida, ruwa na dukan rufin asibiti a Salbado.
Na yanko tsokar, ko ɓawon albasa ya fi ta kauri,
na shimfiɗa ta kan gilashi, na ɗiga mata rini.
Lamba ce a jikin kwalbar, amma na san mai ita:
Jandira, mai ƙosai a bakin teku,
wadda ke min gyara ko ban roƙa ba.

Wata da watanni unguwa na yi mata barka,
wata ma har ta saƙa hular jariri.
Ita kuwa tana juya ƙosai cikin manja,
tsumma biyu, uku, ƙarƙashin farin bujenta,
jini na zuba kamar an manta famfo,
ba ta ce wa kowa uffan ba.

Yanzu ga shi ƙarƙashin madubina.
Duk inda rini ya kama, ɗigo ne ruwan ƙasa,
kowane ɗigo kunne ne.
Ina ƙirga. Ɗari. Ɗari da arba'in. Na ɓata, na sake.
Lafiyayyen naman da ke gefe, kunnuwansa jefi-jefi,
shi kuwa ƙarin, kunne kan kunne,
kamar tsakar gida ranar tsegumi.

Ba daga waje aka jefe ta ba.
Manzanni biyu ne, 'yan gida,
tun tana 'yar sha uku suke sauka kowane wata.
Istirojin ya riga, ya bi ɗaki ɗaki yana huda kunnuwa,
furojestaron ya biyo da saƙo guda:
a gyara shimfiɗa, a faɗaɗa ɗaki, baƙo na tafe.
Mahaifa ta ji, ta gyara, ta jira, ta naɗe tabarmarta.
Ƙwaya ɗaya ce ta ji, ba ta daina ji ba.
Shekara goma sha ɗaya tana jera bulo
a ɗakin da ba mai kwana,
har gini ya kai girman gwanda.

Likita Ubirajara ya ce da an zo da wuri
akwai maganin da ke cusa wa kunnen auduga,
ko a yi haƙuri al'ada ta ɗauke,
manzanni su gaji, ƙarin ya yamushe kamar kuɓewa a rana.
To, wa zai ce wa mai zubar jini ta jira shekara goma?

Na rubuta adadi, na sa hannu: Nilzete.
Tafina ya sauka ƙasan cibiyata,
inda wani abu kamar lemun tsami ya kama wuri.
Uwata ta yi. Yayata ta yi.
Na kashe fitilar madubi.

Gobe zan hau bene na uku in kai mata romo.
In ta tambaye ni me na gani,
zan ce: ba mugu ba ne, Jandira,
jin magana ne ya yi masa yawa.