Hancin Aleyamma

Tun Oktoba, ruwa bai gama ɗaukewa a Kottayam ba,
kakata Aleyamma ta sa na sauko da tulu biyu na tangaran
daga saman kabad, inda tsaka ke kwana.
Zabibi baƙi, zabibi ja,
dabino da na cire wa ƙwallo har farcena ya yi danƙo,
ɓawon lemu da ya sha rana a kan rufin kicin,
citta mai sukari.
Tulu ɗaya ya sha ruwan inabin gida, aka ɗaure masa baki.
Ɗayan ta ce ya jira,
sai saura kwana uku a jiƙa shi da ruwan lemu zalla.
"Na Subaida ne, ta tsallaken rafi.
Shekara talatin da ɗaya ban taɓa haɗa musu cokali ba."

Bana hannunta ya ƙi ta.
Rawa yake, ko kofin shayi sai an riƙe mata.
Ni kuwa direban bas ne,
sitiyari na sani, da birki, da zagin masu babur.
Ta sa aka kawo kujerarta bakin murhu,
ta ce, "Yau kai ne hannuna. Wanke su."

Sukari a baƙar tukunya, babu ko ɗigon ruwa.
"Kar ka juya. Zuba masa ido."
Ya narke, ya yi zuma, ya yi ja,
na waiga in tambaye ta,
kafin in juyo hayaƙi ya kori kyanwa ta taga.
Ba ta yi faɗa ba.
"Tsakanin zaƙi da ɗaci numfashi ɗaya ne, Varkey.
Kankare. Sake."
Karo na biyu ta rufe ido, ta ɗaga hanci sama,
shiru, shiru,
"Yanzu!"
Na kwara ruwan zafi, tukunya ta yi tsaki
irin na birkina a gangaren Kumily.

Na buga man shanu har kafaɗata ta yi kuka.
Ƙwai goma, ɗaya bayan ɗaya, ba a yi musu gaggawa.
Kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi a turmin dutse.
Kashu daga bishiyar da kakana Ouseph ya dasa
shekarar da ya daina shan taba, ya koma, ya sake dainawa.
"Barbaɗe su da fulawa tukuna.
Wanda ba a sa wa riga ba, ƙasa yake nutsewa."

Ba mu da tanda.
Yashin rafi a gindin babbar tukunya,
garwashin ɓawon kwakwa a kan murfi,
wuta ƙasa, wuta sama.
Awa biyu da rabi muna gadi.
Tauraron takarda yana lilo a baranda,
yaran coci suna ta ɓata baiti ɗaya a nesa,
ita tana gyangyaɗi, tana musun ta yi barci.

Tsinken kwakwa ya shiga, ya fito a bushe.
Amma saman ya tsage,
tsaga doguwa kamar hanyar da damina ta cinye.
Na tsaya riƙe da tsumma, kunya ta ishe ni.
Ta yi dariya har da tari:
"Nawa na farko akuya aka ba.
Ita ma sai da ta yi shawara."

Jajibirin Kirsimeti na naɗe na biyun a takardar mai,
na taka katakon da ke kan rafi.
Subaida ta gutsura da yatsa, ta tauna a hankali,
tana kallon hayaƙin gidanmu ta bayan kafaɗata.
"Wannan ba hannunta ba ne," ta ce.
Na sunkuyar da kai.
Ta sake gutsura, babba wannan karon.
"Amma hancinta ne.
Tsaya, kar ka mayar mata da faranti haka nan."