'Yar Rabawa

Ɗakin ƙarfe mai taya biyu,
shi kamfanin safiyo ya ba Baba a madadin kuɗin sallama.
A cikinsa ya kwana Mambila, ya kwana Gashuwa.
Yau shekara tara yana bayan gidan Dalyop a Bukuru,
tayoyi sun sace, an tokare shi da bulo,
kabewa ta yi yaɗo ta naɗe ƙugiyar ja.

Talabijin ɗin farko tana gaba, bisa kantar girki.
Tun da ɓarin hagu ya daina jin maganarsa
gadon baya ya zama iyakar ƙasarsa,
labarai sai ta bayan falanki,
kamar mai satar jin hirar maƙwabta.
Bai roƙa ba. Baba Barau ba ya roƙo.
Ni ma ban tanka ba,
mun daɗe ba ma tankawa.

Ran Asabar na shiga Dilimi.
Ƙaramar talabijin ta hannu, gefenta da tabon ƙuna,
waya yadi bakwai, kusoshi a ƙullin leda,
da wani ɗan ƙarfe da bai kai akwatin ashana ba,
baki ɗaya na shiga, biyu na fita.
Mai shago ya ce, wannan ce 'yar rabawa,
amma ka sani, abin da aka raba ƙarfinsa raguwa yake.
Na ce na sani.

Bangon tirela ba bango ba ne,
langa-langa ne da soso da falanki mai kaurin farce.
Na ƙwanƙwasa, na ƙwanƙwasa, ko'ina amon ganga.
Sai na ji daga gado:
Hagu. Taƙi ɗaya daga taga. Akwai ƙarfe.
Harshen ya yi nauyi, awon bai yi ba.
Dalyop ya miƙo mahudi ta ƙofa,
kusa ta shiga ta ciji abu mai ƙwari,
na ji cizon har gwiwar hannuna.

Waya ta bi ta ƙarƙashin kabad,
ta wuce tsohuwar taswira da gara ta cinye mata Binuwai,
ta wuce takalmin aikinsa ƙafa ɗaya,
ta ɓullo kan gado tana jan yanar gizo.
Na fere bakinta da reza, na yanki ɗan yatsa,
na ɗaure da salatif, ita da yatsan duka.

Na kunna.
Shinkafa.
Gaba shinkafa, baya shinkafa,
na lalata wadda ke aiki ban gyara sabuwa ba.
Hadari ya taso daga wajen Shere,
ƙanƙara ta fara jifan rufi kamar mai bin bashi,
batirin sola na kukan ƙasa-ƙasa.

Ka juya ta, in ji shi.
Ka sa shiga a mafita.
Na duba. Haka ne.
Shekara talatin da huɗu gare ni,
na tsaya riƙe da ɗan ƙarfe ina jin kunya irin ta ɗan firamare.

Na juya. Hoto ya zauna,
bai kai hasken da ba, amma ya zauna:
wani mutum da hula yana faɗin farashin dankali.
Mashiga ɗaya ce, don haka tasha ɗaya ce,
abin da na gani a gaba shi yake gani a baya,
in na canza, na canza masa.

Da dare aka sa wasan barkwanci.
Ina kan benci da kwanon gwate,
falanki a tsakaninmu kamar kullum.
Ɗan wasa ya zame ya faɗa kwata,
na yi dariya,
sai na ji wata ta biyo ta daga baya,
karkatacciya, rabin baki,
ta makara da kamar numfashi ɗaya.

Sagiru, ya ce.
Na ce na'am.
Bar ta a nan. Kada ka taɓa.

Rimot na hannuna, na ajiye shi a ƙasa.
Tirelar ta ɗan girgiza.
Iska ce, na sani.