Rabon Gado

Ni da Veikko ciki ɗaya muka fito,
a Kajaani, inda tafki kan daskare
har mota ta bi ta kansa.
Suga ya kama ni ina shekara tara,
shi sai da ya cika sha ɗaya.
Firji ɗaya, allura iri ɗaya,
inna na rubuta awonmu a littafi guda.

Veikko mai kiyayewa ne.
Burodi ma sai ya ɗora a sikeli.
Ni ce mai lasar zuma a ɓoye,
in goge baki, in rantse.

Shekara talatin ta shige.
Fitsarinsa ya soma kumfa kamar an zuba sabulu.
Yanzu Litinin, Laraba, Juma'a,
awa huɗu inji ke wanke masa jini.
Tawa ƙodar kuwa garau, ko kunya ba ta ji.

Likita Rautio ta zana mana bishiya a takarda.
Ga kaka Onni a can sama,
wanda ƙafarsa ta kumbura
har takalmin hunturu ya ƙi shiga.
Ga gwaggo Hilkka da hawan jininta.
Ta ce, ba harafi ɗaya ba ne.
Ƙananan haruffa ne barjat cikin ƙwayar halitta,
wasu an karanto su, da yawa da saura.
Ƙoda rariya ce.
Suga na turi, jini na turi,
inda saƙar ta zo da rauni, nan take ɓallewa.
Ba hukunci ba ne, in ji ta,
kiyayewarsa ta sayo masa shekaru.

Da baba ya rasu mun raba kaya ba gardama:
ya ɗauki kwale-kwale, na ɗauki bukkar bakin ruwa.
Ashe an riga an yi wani rabon
cikin duhu, tun ba mu da suna,
ba shaida, ba alƙali.

Na ce a cire tawa a ba shi.
Aka ce mai suga ba ya bayarwa.

Sai dai in kai shi da asuba,
in riƙe masa safar hannu.
Daga kan gadon yake tambayata,
idonsa a rufe:
Sirkka, kin yi awo yau?