Kayan da Ba a Biya wa Fito

Teburina yana gindin gadar Ngeli, ɓangaren Kusiri.
Ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ne.
Nan nake cika wa fatake takardar kwastan:
buhu nawa, daga ina, na wane ne.
Shekara goma sha ɗaya ina wannan lissafi,
ban taɓa ganin an tare kalma an ce ta biya ba.

Makona na farko wata Bafulatana, Dudu,
ta zo tana share ido da gefen mayafi,
wai an riƙe mata kare.
Na ce wane launi ne, yana cizo?
Masu turin kura har zama suka yi don dariya.
Ashe kare a bakinta kaya ne,
tabarmi biyu da tukunya da ƙullin kanwa.
Da yamma na haye Njamena neman ɗaki,
dillali ya ce a wane kare nake so.
Can kuma jerin gidaje ne, Faransawa suka bar musu sunan.
Na kwana ina juyi:
abu ɗaya yana haushi, ana ɗaukarsa a ka,
ana kuma kwana a cikinsa.

Masu canji suna bayana, ƙarƙashin laima.
Na gida ya ce jaka biyar,
Hamadjoda ya amsa masa da boro,
shi ma jakar yake nufi da yarensa,
alhali takarda ce da ba ta rufe tafin hannu.
Kuɗin da aka ɗura ciki sun daɗe da ƙarewa,
buhun ne ya maƙale a harshe.

Ba Kolo, tsohon Babarbare mai tazargade,
kullum sai ya tsaya ya yi mini tuni.
Ya ce kasuwa tamu ce kuka ara,
kuka haɗa da karatu da rubutu,
yaushe za ku dawo da su?
Na ce Baba, aron da ya ga jika da tattaɓa-kunne
ai ya zama gado.

Jiya tirela ta zubar da kwali a tsakiyar gada.
Direba yana ihun sabun,
Dudu tana tsintar sabunde,
jandarma ya rubuta nasa da biro ja,
ni na rubuta sabulu.
Da ruwan sama ya sauko, kumfa ɗaya aka yi.

Da azahar nakan ci tuwo wurin Halime Jidda.
Ita esh take ce masa.
Wani malami da muka haɗa akushi
ya ce asalin kalmar rayuwa ce.
Na dubi malmalar da ke hannuna,
na rage saurin loma.

Amma akwai guda da ta gagare ni.
Mahaifina ɗan fito ne tun gada ba ta zo ba.
Duk sanda hancin kwalekwale ya taɓa gaɓar Logon
sai ya sauke numfashi ya ce, halangai.
Da ita ya karɓe ni ranar suna, in ji inna,
ita ce kuma ta ƙarshe da na ji a bakinsa.
Na kai ta wurin Kotoko, suka ce ba tasu ba ce.
Masa da Musgum suka girgiza kai.
Na tambayi wata tsohuwa 'yar Sara mai kifi,
ta ce kamar ta taɓa ji, sai ciniki ya ɗauke ta.

Kaya ne babu mai shi, babu takarda.
Na kai gida na ajiye.

Shekaranjiya 'yata Asabe ta dire tulu a ƙofa,
ta ce halangai, tana murza wuya.
Ɗan maƙwabta, Ngaro, ya maimaita yana dariya.
Gobe iyayensa za su koma Mundu.
Ni zan cika musu takarda:
katifa ɗaya, buhun gero, keke.
Sauran ba zan rubuta ba.