Tekun da Ƙafa Ke Kaiwa

Shekara goma sha tara ina jan babbar mota,
Maradi zuwa Kwatano, da aya, da wake, da fata.
Teku kuwa ta madubi na san shi,
sai rurin da yakan yi da dare bayan katanga
ina kwance ƙarƙashin mota ina lissafin kuɗin mai.
Ban taɓa tsoma ƙafa ba.
Wannan ban faɗa wa kowa ba.

Sai ga Tasalla, jikata ta wajen Barmo,
ta dawo lakwal da hoto cikin littafi:
baƙaƙen duwatsu, farin kumfa,
ƙauye maƙale a gaɓa kamar gidan zanzaro.
Ta ce, "Kaka, kai da ka je, kai ni."

Na taɓa aljihu, na taɓa gwiwa,
duka biyun suka ba ni amsa ɗaya.
Ran Lahadi muka shiga motar Madarunfa.

Ƙarshen damina ne, tabki ya ƙoshi,
ya haɗiye hanyar amalanke,
gawo uku tsaye cikin ruwa har ƙugu
kamar dattawan da aka tsare a mashaya.
Muka bi gefe, takalma a hannu,
laka na sumbatar dugadugai, tana saki da ƙyar.

A Ɗan Tudu wani Mantau na ɗinkin koma,
zare a haƙori, bai ɗago ba ya amsa gaisuwa.
Matarsa ta buɗe tanderun banda,
hayaƙin tarwaɗa ya kama mana riga,
ta gutsura wa yarinya wutsiya, ta ƙi karɓar dala.

Gaba kaɗan ruwa ya ci gaɓa,
ya yi lungu, ya ɓoye kansa bayan geza.
Nan babu iska. Bado ya rufe fuska,
zalɓe ɗaya na gadin abin da ba nasa ba.
Tasalla ta ce nan ɗakin ruwa ne,
nan yake shiga in ya gaji da mutane.
Ban musa ba.

Muka hau, muka gangara, ƙaya ta karɓi rabonta.
Kafin Gamji yashi ya shimfiɗu fari,
faɗin tabarma goma, ba ya fi,
yara tsirara suna faɗawa daga kan kututture,
wani ya rungumi gora yana ratsawa
kamar mai zuwa kasuwa da ciki.
Ta tsinci makankari biyu, ɗaya da ɓaraka,
ta ɗaure a bakin zane.

Sai ta durƙusa, ta kamfata, ta kai baki.
Ta dube ni irin duban mai karɓar bashi.
"Malama ta ce da gishiri."

Kirinjijiya suka tashi da fito, suka bar ni da ita.
Ina da ƙarya uku a shirye,
irin waɗanda ke wuce shingen jandarma.
Na ce, "Wannan ba shi ba ne.
Wancan ma, Tasalla, ban ɗanɗana ba.
Kullum lodi na jira, kullum sai wani zuwa."

Ta yi shiru har kwalekwalen Mantau ya gifta.
Sannan ta ce, "To naɗe wandonka."

Na naɗe.
Sanyi ya hau ƙwauri, ya tarar da tsohon ciwon kuloci,
ƙananan kifaye suka zo binciken yatsuna.
Can hayi ana kiran la'asar a Saulawa,
muryar na tahowa bisa ruwa, tana jiƙewa a hanya.
Motar ƙarshe ƙarfe biyar take tashi.
Na sani.
Na ƙara taku ɗaya.